Fuskar Taka Ce, Amma Gumin Na Wane Ne?

Akwai wata ƙaramar sana'a a cikin birnin Kano wadda take ramewa a kan idonmu, kuma mafi yawan masu cin naman jikinta mutanen kirki ne, waɗanda ko naira ɗaya suka tsinta a masallaci sai sun yi cigiya. Ina nufin masu ɗaukar hoto na taro. Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure a Yakasai ko Mandawari, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko filin Idi na Ƙofar Mata, ya san su. Mutum ne da kyamara rataye a wuya, yana kutsawa cikin jama'a yana ɗauka. Can sai a neme shi a rasa, ya hau babur ya tafi wanko hotunan. Kafin taro ya watse ya dawo ya baje su a kan tabarma ko a bayan wata mota, kowa ya zo ya nemi nasa.

A da, wanda ya ga hotonsa zaɓi biyu gare shi: ya saya ko ya bari. Yanzu wayar hannu ta kawo na uku. Mutum zai ɗauki hoton kamar mai duba kyansa, ya zaro waya ya ɗauki hoton hoton, ya ajiye, ya yi gaba. Kafin mai hoto ya ɗago kai, abin ya hau WhatsApp. Idan kuwa ya yi magana, amsar a shirye take: "To, ba fuskata ba ce?"

Wannan gardama ba a Kano kaɗai ake yin ta ba. A manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke tashi daga gaɓar Amurka da Turai, akwai masu hoto da aka ɗauka aiki domin su riƙa ɗaukar fasinjoji tun daga ƙofar shiga har wurin cin abinci. Sai a jera hotunan a wani zaure, mai so ya saya, a kuma yi gargaɗin kada wanda ya ɗauke su da waya. Fasinjan da ya biya dubban daloli kuɗin tafiya shi ma hujjar mutumin Yakasai yake kafawa: fuskarsa ce, kuma farashin ya yi yawa. Ashe dai abin ba na talauci ba ne, tunani ne da ya zauna a kan mutane cewa duk abin da za a iya kwafa ba tare da ya ragu ba, to ba shi da mai shi.

A aji, duk lokacin da na tayar da wannan batu, ɗalibai kan rabu biyu, kuma masu cewa "fuskata ce" su ne suka fi yawa da zafi. Abin da nake gaya masu shi ne doka ta riga ta raba fuska da hoto. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta lissafa hoto cikin ayyukan fasaha, kuma asalin mai haƙƙinsa shi ne wanda ya ɗauka, ba wanda aka ɗauka ba. Ba sai ya je ya yi rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba. Da zarar hoton ya samu, haƙƙin ya tabbata, kuma yana nan har shekara 50 bayan an fara fito da shi ga jama'a. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886 tun a 1993, saboda haka hoton da yaron Ƙofar Na'isa ya ɗauka yana da kariya a Landan kamar yadda yake da ita a Kurmi.

Masu cewa ai inji ne ya yi aikin, mai hoto danna maɓalli kawai ya yi, su ma an riga su. A 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani mai hoto, Napoleon Sarony, wanda wani kamfanin ɗab'i ya buga kwafi 85,000 na hoton da ya ɗauki marubuci Oscar Wilde ba da izininsa ba. Kamfanin ya ce hoto aikin na'ura ne, babu basira a cikinsa. Kotu ta ƙi yarda, ta ce tsara zaman mutum da suturarsa da haske da inuwa duk aikin ƙwaƙwalwar mai hoto ne.

Mu da muke da Hawan Daushe ba ma buƙatar alƙalin Amurka ya gaya mana haka. A tsaya a dubi abin da ake sha kafin a samu hoto guda mai kyau na jahi a Ƙofar Kudu. Mai hoto zai zo tun rana tana tsaka ya kama wuri. Zai sha ƙura, ya sha ture, ya jure ƙarar bindigogin 'yan bindiga a kunnensa, ya riƙa kaffa-kaffa da bulalar dogarai. Dole ya san jerin hakimai, ya san wane ne ke biye da wane, ya san ta inda Sarki zai ɓullo bayan ya fito daga Babban Ɗaki. Sannan ga la'asar tana sakaliya, haske yana gudu. Dawaki sun taso a sukwane, kuma abin da yake nema, wato lokacin da mahayi ya ja linzami doki ya yi turjiya, hannu ya ɗaga sama, alkyabba ta buɗe, bai kai ƙiftawar ido ba. Idan ya kuskure, sai wata Sallar. Kyamarar da gilashinta kuwa da dala ake sayo su, kuma ƙura ita ce babbar abokiyar gabarsu. Dubban mutane ne suke wurin da wayoyi a hannu, amma hoton mutum ɗaya ko biyu ne zai zaga duniya. Da aikin inji ne, da kowa ya samu irinsa.

Gaskiya ne dokar ta bar ƙofa ga amfani na adalci, har da amfanin mutum na ƙashin kansa, kuma ba na jin akwai mai hoton da zai kai wani kotu a kan hoton 'yan ɗaruruwan naira. Amma ko a wannan ƙofa doka ta ce a duba illar da kwafin zai yi wa kasuwar aikin. Hoton da aka baje a tabarma mai saye ɗaya tak gare shi a duniya, shi ne wanda ke jikinsa. Idan shi ya kwafa ya tafi, kasuwar ta ƙare gaba ɗaya, takardar da aka wanke da kuɗi ta zama shara. Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar batun a buɗe ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, shari'a ta kare su, bai halatta a keta su ba.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu hoto suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Wa ya ce ka ɗauke ni? Da yawansu ba sa neman izini. Za a ɗauki matar aure tana tsakiyar cin abinci a wurin kamu, a baje hotonta a bakin titi kowane ɗan acaɓa yana kallo. Wasu kan yi amfani da kunya su tilasta ciniki: ko ka saya, ko hotonka ya kwana a hannun wanda ba ka sani ba. Kuma babu mai gaya maka inda ragowar hotunan da ba a saya ba suke ƙarewa. Na sha ganin hoton mutum cikin babbar riga da zanna an naɗe ƙosai da shi. Haka nan masu situdiyo da ke saka hotunan amare a Instagram domin talla ba tare da sun tambayi kowa ba. A nan doka tana bayan mai fuska. Wanda ya ɗauko mai hoto domin bikinsa ko sunan ɗansa yana da damar yin amfani da hotunan a duk abin da ba na kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a wallafa su ko a baje su ga jama'a, sai fa in sun yi wata yarjejeniya daban. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda hoton da za a iya gane mutum da shi ya shiga ƙarƙashinta.

Nan ne nake ganin kuskuren masu cewa "fuskata ce". Fuskarka ta ba ka ikon ka ce kada a ɗauke ka, ka ce a janye hotonka daga tabarma, ka ce a goge shi daga kyamara a gabanka. Ba ta ba ka ikon ka ɗauke aikin ka bar mai aikin da asara ba. Wanda ya ce ba a nemi izininsa ba, sannan ya kwafi hoton ya sa a fuskar wayarsa, ya riga ya shaida da kansa cewa hoton ya yi masa. Ba a ƙin tuwo a kuma lashe miya.

Duk da haka, zalunci ne a tsaya kan mai waya a manta da manyan ɓarayin. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam, kuma tun daga nan hotunan dawakinmu suka ƙara daraja. Ga su a fostocin 'yan siyasa, a kalandun kamfanoni, a bangon otal-otal, a shafukan labarai na intanet, har a bangon littattafan da wasu 'yan boko suka wallafa, su da za su kori ɗalibi idan ya kwafi sakin layi ɗaya. Sau tari sai an yanke gefen da mai hoto ya sa sunansa. Wannan laifi biyu ne, domin dokar ta ba shi haƙƙin a ambaci sunansa ko da ya sayar da hoton. A dubi hotunan marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, da ke manne a jikin Adaidaita Sahu da shaguna da zauruka. Mutum nawa ne zai iya faɗin wanda ya ɗauki ko da guda ɗaya? Kuma wannan yana faruwa ne a lokacin da rikicin sarauta ya sa aka dakatar da hawa a wasu Sallolin baya-bayan nan, wato an rufe wa masu hoto kakarsu ta shekara, tsofaffin hotunansu kuma wasu ke ci.

Mun ga ƙarshen irin wannan hanya a Kannywood. Lokacin da faifan sidi na jabu, daga baya kuma masu tura fim a waya, suka cinye kasuwar da ta yi tashe a Ƙofar Wambai da Bata, kowa cewa yake kwafi ɗaya ba ya kashe kowa. Sai da furodusoshi da dama suka karye, ragowar suka koma YouTube neman mafaka.

Su masu hoto, lokaci ya yi da za su gane cewa abin da jama'a suke so yanzu shi ne hoto a waya, ba a takarda ba. A daina wanke ɗari domin a sayar da ashirin. A nemi izini kafin a ɗauka, a nuna wa mutum a kyamara, idan ya so ya biya a tura masa na asali mai tsabta, wanda ya fi dishi-dishin da zai sata. Ƙungiyoyinsu su tsayar da ƙa'ida a kan ragowar hotuna, musamman na mata. Su kuma koyi amfani da abin da sabuwar doka ta ba su, na rubuta wa masu shafin intanet takardar neman a sauke hoton da aka sa ba da izini ba. Masarauta da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, su ma akwai aiki a gabansu: a tattara hotunan hawa na da da na yanzu, kowane da sunan wanda ya ɗauka da shekarar da ya ɗauka, a adana a Gidan Makama, tun dattawan da suka yi aiki da fim da nagetif suna raye suna iya nuna nasu.