Keken Farko: A Auna Yaro Kafin A Yi Ciniki

Duk wanda ya bi babbar hanyar nan da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, in dai ya yi sammako a ranar makaranta, da wuya ya rasa ganin abu guda. Zai ga yaro ɗan shekara takwas ko tara ya rungumi keken da ya fi ƙarfinsa, ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar tsakiya, jikinsa duk ya karkace gefe guda, yana tafe yana tangaɗi a bakin kwalta, jakar littattafai tana reto a wuyansa. Can bayansa kuwa ga tanka ko tirela ta taho da kaya niƙi-niƙi, direba yana ta danna oda. Galibi Allah yakan kiyaye, mota ta wuce, yaro ya ratsa ƙura ya ci gaba da tafiyarsa. Dattawan da ke zaune a gindin bishiya su yi murmushi, domin kowannensu da haka ya koya.

Gaskiya ne da haka suka koya, amma fa hanyar yau ba irin ta zamaninsu ba ce. Motoci sun yawaita, gudunsu ya ƙaru, ga babura ko'ina kamar fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke rasuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai shi kisa. Har ila yau, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na babur ya yi tashin gwauron zabo, magidanta da yawa a ƙauyukan Sifawa da Danchadi da Kajiji da makamantansu suka koma lissafin saya wa yara keke domin zuwa makaranta da aike. Shawara ce mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓe.

A zamanin da ake kiran keke basukur, ba abin yara ba ne ko kaɗan. Abin hawan malaman makaranta ne, da ma'aikatan En'e, da fatake masu hali, har lasin ake yanka masa. Wanda ya mallaki Raleigh, ƙirar birnin Nottingham na Ingila, ya zama abin nuni a gari. Daga baya Phoenix ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya suka shigo da araha, kuɗin Udoji na 1975 kuma ya sa ƙananan ma'aikata suka samu sukunin saye. Duk waɗannan kekuna ƙirar manya ne, masu taya inci 28, baƙaƙe, masu nauyi, waɗanda aka yi domin ɗaukar magidanci da buhun gero a kariya. Yaron wancan lokaci bai da zaɓi. Ko dai ya saci hawan na mahaifinsa lokacin da ake barcin rana, ko ya tara kwabbansa ya tafi wurin mai haya. Wannan ne asalin hawan karkace da dattawa ke tunawa da shi suna dariya. Rashi ne ya kawo shi, ba dabara ba.

Yau kuwa kasuwar Sakkwato cike take da kekunan yara iri-iri, sababbi da 'yan Kwatano. Duk da haka sai ka ga uba ya tsallake su ya nufi babba. Hujjarsa ɗaya ce, ita ce kuma mai sayarwa zai ƙara jaddada masa: wai yaro girma yake yi, gara a sayi wanda zai daɗe yana hawa, in ya so har yayyensa su riƙa aike da shi. Wannan hujja tana da kyau a wajen ɗinkin rigar salla, domin rigar da ta yi yawa iyakarta a naɗe hannu. Keken da ya yi yawa kuwa ba ya naɗuwa. Babban keke irin na da nauyinsa ya kai kilo 20 ko kusa da haka, watau kusan nauyin yaro ɗan shekara bakwai ke nan. Magidanci ya kwatanta kansa a kan abin hawan da ya yi nauyinsa, wanda kuma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa in ya zauna a kai, sa'an nan a ce masa ya kauce wa tirela. Abin da ake ɗora wa yaron ke nan.

Saboda haka abu na farko shi ne a tafi kasuwa tare da yaron. Sayen keke daga nesa, a ce wa mai zuwa birni ya zaɓo mai kyau, shi ne mafarin kuskure. Masu ƙira suna auna keken yara da faɗin taya: inci 12 na 'yan shekara uku zuwa huɗu, inci 16 na 'yan huɗu zuwa shida, inci 20 na 'yan shida zuwa tara, inci 24 kuma na 'yan tara zuwa goma sha biyu. Amma wannan kintace ne kawai, don sa'o'i biyu sukan bambanta da tsawon taƙi guda. Ma'aunin gaskiya jikin yaron ne. A sa shi ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Lalle ne a samu rata tsakaninsa da sandar tsakiya, ko da ta yatsa biyu ce ko uku. Sa'an nan ya zauna a sirdi. Mai koyo, wanda bai taɓa hawa ba, ana so ƙafafunsa biyu su dafa ƙasa sosai yana zaune. In sai ya yi ɗage, ko sai ya zame gefe, to keken ba nasa ba ne tukuna, ko da fentinsa ya kai ina wajen sheƙi. Sirdi yana da ƙarfen da ake ja sama, saboda haka keken da ya yi daidai yau zai bi yaron shekara biyu ko uku, bayan nan kuma ga ƙannensa suna jira.

Akwai wurin da iyaye kan manta, watau hannu. Birkin manyan kekuna an yi shi ne domin tafin hannun babba. Yaro ya kama kan keke, a duba ko yatsunsa suna kai wa ga mariƙin birki ba tare da ya saki kan ba, kuma ko yana da ƙarfin matse shi har taya ta tsaya cak. Yaran da ake gani suna tsayar da keke da silifa, suna goga ƙafa a taya ko a ƙasa, ba iya shege ne ya sa su ba. Birkin ne ya gagare su. Kuma a nuna masa tun ranar farko wane ne na gaba, wane ne na baya, domin wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai yana cikin gudu, ta saman kan keke zai dira.

Game da keken da ba shi da sandar tsakiya, wanda ake kira keken mata, samari ƙanana sukan ƙi shi don gudun ba'ar abokai, wasu iyaye ma su goyi bayansu. Alhali ga mai koyo babu kamarsa. Hawa da sauka ba wuya, in abu ya taso yaro ya dire da ƙafa biyu nan take, ga shi kuma 'yar'uwarsa mai zuwa Islamiyya za ta iya amfani da shi. Ba'ar yara kwana biyu ce.

To, sabo ko ɗan Kwatano? Nan kam aljihu ne alƙali, sai dai ba kowane sabo ne ya fi tsoho ba. Akwai sababbi masu ƙyalƙyali, da robobi kala-kala da ƙaramin kwando, waɗanda ƙarfensu bai fi na gwangwani ƙwari ba, wata uku sun sukurkuce. Tsohon da aka ƙera da kyau ya fi su nesa ba kusa ba, muddin an duba shi da idon basira. A bi mahaɗan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a nemi tsaga ko tabon walda da aka rufe da fenti. A tsaya ta gaba a duba ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. In sun lanƙwashe baya, keken ya taɓa karo, kuma ba zai ƙara tafiya sak ba. A ɗaga kowace taya a juya ta a ga ko wili yana rawa. Giya mai yawa kuwa ba ta da wani amfani ga yaro a wannan yanki da mafi yawansa shimfiɗaɗɗe ne, sai ƙarin abin lalacewa, musamman in ƙurar hunturu ta shige ta. Mai wayo yakan fara biyawa ta wurin mai facin garinsu ya tambaye shi girman tayar da ake samun kayanta a kusa. Ƙasar nan ta tsidau ce da ƙayar aduwa, faci ba ya ƙarewa, kuma sau da yawa keken yaro yakan kwana shekara a zaure don kawai an rasa taya ko robar ciki irin tasa. Abin sha'awa, ita kanta tayar iska saboda yaro aka fara yin ta yadda ta karɓu: wani likitan dabbobi a Belfast mai suna John Boyd Dunlop ne ya ga ɗansa yana shan jijjiga a kan keke mai ƙafa uku, ya naɗa masa robar da aka hura, ya kuma yi rajistar dabarar a 1888.

Akwai wani sabon abu da ya kamata a ambata, tun da yara sun fara ganinsa a wayoyin yayyensu suna roƙon a saya masu. Shi ne allon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai a zame. Samarin Kalifoniya ta Amurka ne suka ƙago shi wajen shekarun 1950, ya bunƙasa har ya shiga wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinariya. Iri biyu ne. Akwai gajere, na tsalle-tsalle, akwai kuma dogo, wanda yakan fara daga wajen inci 33 ya yi sama, mai tayoyi manya kaɗan masu taushi. Ga mai koyo dogon ya fi, don ya fi zama daram, kuma gwargwadon kusancinsa da ƙasa gwargwadon sauƙin tura shi da ƙafa. Sai dai duk dogonsa ba shi da birki, tayarsa kuma ba ta kai inci uku ba, tsakuwa ɗaya ko ɗan yashi ya isa ya tsayar da ita yaro ya wuce da kai. Shimfiɗaɗɗen daɓe yake so, mai santsi. A Boɗinga da Shagari kuwa wuri mai santsi mafi tsawo shi ne ita wannan babbar hanya ta tankoki. Wanda ba shi da faffaɗan daɓen siminti a cikin gida ko makaranta, ya ba yaron haƙuri.

Saura koyo. Iyaye masu hali sukan nemi keke mai ƙananan tayoyi biyu a gefe, suna ganin shi ne kariya. A cikin rairayi waɗannan tayoyi nutsewa suke yi, ko su ɗage tayar baya ta riƙa juyawa a banza, kuma ba su koya wa yaro abin da ya fi bukata, watau daidaita jikinsa. Hanyar da ta fi ita ce a kai keken wurin mai gyara ya kwance feda biyu, a sauke sirdi, yaro ya riƙa tura kansa da ƙafa yana ɗagewa kaɗan-kaɗan. Cikin 'yan kwanaki zai riƙa zamewa mai nisa ƙafa a sama. Ran nan sai a mayar da feda. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce. Kakan kekuna duka, wanda Bajamushe Karl Drais ya hau a Mannheim a 1817, shekarar da Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato bayan zamansa na Sifawa, na katako ne kuma ba shi da feda sam.

Wurin koyo filin makaranta ne bayan an tashi, ko filin idi, inda ƙasa ta yi tauri kuma babu mota. A ɗaure ƙafar wando ta gefen sarƙa, a tattare doguwar riga ko hijabi, don sarƙa da wili ba su da tausayin tufa. Hular kwano ta yara ana samunta a birni, kuma kuɗinta bai kai na ɗinkin kai a asibiti ba. Goyon ƙane a kariya sai hannu ya faɗa sosai. Fita da magariba ba fitila kuwa babu shi, domin direban da ya taho daga Jega da dare ba ya ganin baƙin keke sai ya zo kansa.

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma har gobe ana ganin yara suna bin hagu suna fuskantar motoci, don ba wanda ya taɓa gaya masu cewa dokar ta shafi keke. Kafin a bar yaro ya hau kwalta, a gwada shi a fili da abu uku: ya tsaya daidai kan layin da aka ja masa a ƙasa, ya waiwaya baya ba tare da keken ya karkace ba, ya kuma saki hannu ɗaya ya nuna inda zai juya. Wanda bai iya waɗannan ba tukuna, ya bi hanyar cikin gari da ta gonaki ko da ta fi nisa, in ya iso bakin titi kuma ya sauka ya tura kekensa ya tsallaka.