Ko Kun Sani? Sirrin da ke Cikin Abin da Aka Raina

Ko kun sani cewa daga cikin rubutun gado da Allah Maɗaukakin Sarki Ya taskace a ƙwayoyin jikin ɗan Adam, abin da ake sarrafa furotin da shi bai kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali kuwa a cikin ragowar, wadda masana suka daɗe suna ɗauka tarkace ce, akwai abin da ke sa sankarar mama ta yi ƙamari? Daga wannan ragowa ne jiki yake kwafo wasu zarurrukan RNA waɗanda ba su haifar da furotin, amma suna hukunci a kan masu haifarwa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna HOTAIR, an gano shi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2007, sa'an nan a 2010 aka tabbatar yana ninkuwa har sau ɗaruruwa a sankarar da ta bazu zuwa sauran gaɓoɓi. Hikimar ɓarnarsa kuwa, shi yake jan wasu furotin su je su rufe bakin ƙwayoyin gadon da ke hana cuta yaɗuwa, tamkar ɓarawon da ya fara ɗaure mai gadi.

Lamarin ya shafe mu ƙwarai, domin nau'in sankarar mai saurin yaɗuwa ya fi yawa ga matan Afirka ta Yamma bisa ga Turawa. Saboda haka, iyayenmu mata na Gwarzo da Kabo, duk wadda ta ji ƙullutu a mamanta, ko da babu raɗaɗi, ta gaggauta zuwa asibiti a duba ta.