A-kori-kura Mai Gas: Har Yanzu Ba Ta Mutuwa?

'Yan uwa matasa na nan Doha da kewaye, a wannan fitowar zan taɓo wata magana da kusan kowannenmu ya taɓa ji a gidansu, wato maganar sayen a-kori-kura, ko dai a ɗora wani ɗan uwa a kanta ya riƙa dako a nan, ko a tura ta Kano ko Maraɗi ta zama jari. Da zarar an taso da zancen, amsar iyayenmu ɗaya ce: a sayi Hilux mai gas, ba ta mutuwa. Gas ɗin nan fa dizal suke nufi, haka ake kiransa a gida. Kuɗin kuma ba ƙanana ba ne, sau da yawa tarin shekaru ne na guminsu, kuma mu da muka iya karanta takardun mota mu ake turawa mu dubo. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke dubawa.

Iyayen namu suna da hujja. Toyota ta fara ƙera Hilux tun 1968. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki dakarun Libiya a cikin hamada da irin waɗannan motoci, har ake kiran wannan karon Yaƙin Toyota. A 2003 kuma shirin Top Gear na BBC ya ɗauki tsohuwar Hilux mai dizal, aka jefa ta a teku, aka cinna mata wuta, aka ɗora ta a kan dogon bene aka rushe shi, amma da bakanike ya ɗan taɓa ta sai ta tashi.

To me ya ba injin dizal wannan ƙarko? Shi ba ya amfani da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Tsofaffin injina kan matse iskar fiye da ninki 20, na fetur kuwa wajen ninki 10 ne. Dole ke nan a yi masa ƙarfe mai kauri, kuma ba ya buƙatar juyawa da sauri kafin ya ja kaya. Ku ɗauki misalin Hilux ta zamaninmu: injin fetur mai lita 2.7 ƙarfin jansa wajen 245 ne a ma'aunin Nm, shi kuwa dizal mai lita 2.4 yana kai wa 400. Wanda ya taɓa tashi da lodin buhuna daga kasuwar Sailiya ya san bambancin a ƙafarsa. Ga shi kuma bai kai na fetur shan mai ba.

Amma fa injin da ya yi wancan suna daban, wanda ke cikin sababbin motoci daban. Injinan da iyayenmu suka sani su ne irin su 3L da 5L na Hilux, da 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser wanda ya fito a 1990. Ba su da turbo, famfon mansu na ƙarfe ne zalla, kuma ba su da gudu ko kaɗan. Sai dai suna da haƙuri. In man ya ɗan gurɓata za su yi hayaƙi su wuce, in sun lalace kuma bakanike a gindin bishiya zai kwance su ya mayar. Daga wajen 2005 Hilux ta koma kan injinan KD, a 2015 kuma aka shigo da GD. Su waɗannan kwamfuta ce ke sarrafa su, man kuma ana tara shi ne a bututu ɗaya da matsi mai tsanani, wanda a na yanzu yakan kai bar 2,000, kafin a fesa shi ta ƙofofin nozul masu sirantaka kamar gashi. Ƙarfi ya ƙaru, hayaƙi ya ragu, amma ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya kashe injekta, kuma kuɗin saiti guda sai ya cinye ribar watanni.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tuƙin a-kori-kura tsakanin Sanaiya da wuraren gine-gine. Na tambaye shi, na ce, "Kawu, wai tsakanin tsoho da sabon inji wanne ya fi ƙarko?" Sai ya ce, "Ɗana, ba haka ake tambaya ba. Ka fara gaya mini wane mai za ta sha, wa zai tuƙa ta, wa kuma zai gyara ta." Wallahi duk bayanin da zan yi a ƙasa bai wuce wannan ba.

Mu fara da nan Qatar. Ta fuskar mai muna cikin sa'a, domin man gidajen Woqod ba a cika kuka da shi ba, kayan gyara na asali kuma ana samu. Abokan gabanmu biyu ne, zafi da ƙura. A watan Yulin 2010 an auna zafin da ya kai digiri 50.4 a Doha. Motar da ke ɗauke da tan guda, ga na'urar sanyi a kunne, ga cunkoso a titin Salwa, lagiretonta ba ya hutawa. In ruwansa ya tsufa ko fanka ta yi rauni, zafi ɗaya ya isa ya ƙona gasket ko ya tsaga kan inji. Ƙura kuwa in ta tsallake filtar iska, a hankali take cinye ringi da turbo, sai ka ga mota ta fara shan baƙin mai.

Akwai wani abu kuma da agogon kilomita ba ya nunawa. Tun 2021 doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Direbobi da yawa a cikin mota suke fakewa, inji na aiki a tsaye saboda sanyi. Awannin nan duk suna tsufar da baƙin mai, suna kuma tara toka a cikin inji. Don haka in ka ga tsohuwar motar kamfani an ce kilomitanta kaɗan ne, kar ka yi saurin murna. Haka nan takardar Fahes: wucewa gwajin sabunta istimara yana nufin motar ta cancanci hawa titi, ba ya nufin injektocinta suna da sauran rai.

In kuwa gida za a tura motar, lissafin ya juya. Gefen sitiyari ba matsala, tunda Najeriya da Nijar duk hannun dama suke bi kamar nan. Matsalar mai ce. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoto a kan dizal mai yawan sinadarin sulfa da ake shigarwa Afirka ta Yamma, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince su rage shi sosai. Matatar Dangote ta fara fitar da dizal a 2024. Duk da haka direban da gas ya ƙare masa tsakanin Dawanau da wani ƙauye, a jarkar 'yan bumburutu zai saya, ko da an haɗa shi da kananzir. Tsohon 5L zai jure, sabon inji ba lallai ba. Mafi haɗari ita ce motar da aka ƙera don Turai, mai matatar toka a salansa. Ita wannan matatar ko a ƙasashen da mansu ke da kyau tana ba da wahala: a 2022 Kotun Tarayya ta Ostireliya ta yanke hukunci cewa tana da aibi a Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar can tsakanin 2015 da 2020. Sannan a tuna gas ya yi tsada a Najeriya, a 2022 lita ta haura naira 700, saboda haka a yi lissafin kuɗin mai tun kafin a biya kuɗin jirgi.

Ga abin da nake ba da shawara ga duk wanda aka tura dubo mota. Ka je da sassafe ka tayar da ita inji na sanyi, ka kalli hayaƙin: fari mai daɗewa ko shuɗi alamar matsala ce. Ka buɗe murfin baƙin mai tana aiki, in tana huci da ƙarfi ringi sun gaji. Ka sa a jona mata kwamfuta a duba injektoci. Ka tambayi yaushe aka canza taimin bel, domin injinan L da KD bel gare su, in ya tsinke a kan tafiya ɓarnar babba ce, GD ne mai sarƙa. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga sifirin, shi zai gaya maka irin lodin da ta sha. In ta gida ce, a kira bakaniken da zai riƙe ta tun kafin a saya, a kuma tambayi 'yan Ƙofar Ruwa ko suna da kayanta. Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 ma motocin aiki ne na gaske, amma wadda kayanta ke kusa da kai ita ce taka.

Bayan an saya kuma, a riƙa juye baƙin mai da wuri, a tsiyaye ruwan filtar gas, a bar turbo ya huce na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe bayan doguwar tafiya, kuma kar a ɗora wa motar tan ɗaya tan biyu. Direban da ake biya da yawan sawu zai yi lodin da ya ga dama, don haka a daidaita da shi tun farko.

In Baba ya sake cewa ba ta mutuwa, kar ka yi masa musu. Ka ce, "Haka ne Baba, amma wane inji ne a cikinta, kuma ina za ta yi aiki?" Daga nan sai ku zauna ku yi lissafi tare. Allah ya sa wa nema albarka, ya tsare mana direbobinmu a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.