Jigon Juyayi a Waƙoƙin Finafinan Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sanin marsiyya, wato waƙar da ake yi wa mamaci, amma ba su faye kula da wani reshe na juyayi da ya bunƙasa a finafinan Hausa ba tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne daga Indiya aka kwaso waɗannan waƙoƙi ɗungurungum. Wannan maƙala na ganin cewa abin da aka aro bai wuce riga ba, jikin kuwa na gida ne.

2.0 Abin da Aka Aro

Ba a musun cewa finafinan Indiya, irin su Mother India na 1957, sun shekara da shekaru suna sa Hausawa hawaye a gidajen silima na Kano da sauran birane. Daga gare su aka koyi dabarar mawaƙin bayan fage: ɗan wasa yana motsa leɓe, murya kuwa ta wani ce, kamar yadda Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka riƙa yi wa taurarin Indiya. Haka kuma an ari rauji daga wasu waƙoƙinsu aka ɗora a kan kiɗan fiyano.

3.0 Tushen Gida

Sai dai tun kafin silima Bahaushe yana da wurin ajiye baƙin cikinsa a waƙa. A tatsuniya, idan kishiyar uwa ta tura marainiya rafi mai nisa, yarinyar ba ta yin doguwar magana; waƙa take rerawa, kuma a nan ne masu sauraro kan yi tsit. Matar da ke daka ko niƙa takan amayar da abin da ke ranta game da miji ko kishiya cikin waƙa, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, domin ai waƙa ce. Dalili shi ne al'ada ta ɗora wa mutum kunya da kara da dauriya. Budurwar da aka yi wa auren dole ba ta iya duban idon mahaifinta ta ce ba ta so. Mai shirya fim ya gaji wannan matsala, sai ya gaji maganinta: daidai inda baki ya kamata ya yi shiru, nan yake sako waƙa. Saboda haka ba kowace waƙar juyayi ce ciko ba, kamar yadda masu suka kan ɗauka. Sau da yawa idan aka cire ta, mai kallo ba zai san abin da ke zuciyar jarumar ba.

Wani abin lura ga masana harshe shi ne inda juyayin yake zaune. Sau da yawa kiɗan mai sauri ne, har ana iya taka rawa da shi, alhali baitocin na zancen maraici da rabuwa ne. Wanda ba ya jin Hausa zai zaci ana murna. Nauyin yana kan kalmomi: ƙunci, kaɗaici, ƙuna, hawaye, da siffanta zuciya da abin da ke tafasa ko tsagewa. Wannan ma ba sabo ba ne. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai zaƙi ya riƙa bayyana wahalar talaka, irin su karen mota.

Ta fuskar rufewa kuwa, waƙar ba ta cika ƙarewa da yanke ƙauna ba. Baitin ƙarshe kan koma ga haƙuri da ƙaddara da kai kuka ga Allah, kuma a nan ana jin sawun waƙoƙin wa'azi irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, waɗanda almajirai da makafi suka riƙa rerawa ƙofa-ƙofa har suka zauna a kunnen jama'a.