Neman Kalma da Musanya Ta a Kwamfuta

A zamanin da malaman 'Yandoto suke kwafar littattafai da alƙalami da tawada, wanda duk ya so gyara wata kalma sai ya bi warƙa-warƙa yana nemanta. Kwamfuta kan gama wannan aiki cikin ƙiftawar ido, sai dai ba ta san ma'anar abin da take gyarawa ba.

Akwai wata manhajar rubutu mai suna vi, wadda Bill Joy ya ƙirƙiro a 1976 a Jami'ar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Daga bisani, a 1991, aka fito da ƙanwarta Vim. Ita wannan manhaja umarni ake rubuta mata, ta aiwatar.

A ƙaddara malami ya buga tarihin yankinmu, ya rubuta "Chafe" irin na tsofaffin takardun Turawa, yana kuma son mayar da shi "Tsafe". Da farko sai ya danna maɓallin Esc, ya rubuta /Chafe, ya danna Enter, nan take a kai shi inda kalmar take. Harafin n kuwa zai kai shi wuri na gaba. Idan musanyawa yake so, sai ya rubuta:

:%s/Chafe/Tsafe/g

Alamar % tana nufin dukkan layuka, s tana nufin musanya, g kuwa ko'ina a cikin layi, ba wurin farko kaɗai ba.

To, a nan ne ake bukatar hattara. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau da Tsafe da Bungudu suka faɗo cikin sabuwar jiha. Wanda ya umarci manhajar ta sauya kowace "Sakkwato" zuwa "Zamfara", zai tarar "Daular Sakkwato" ta koma "Daular Zamfara", alhali kuwa Zamfara tsohuwar masarauta ce daban. Ka ga an ɓata tarihi ke nan! Maganin wannan shi ne:

:%s/Jihar Sakkwato/Jihar Zamfara/gc

Harafin c zai sa Vim ta tsaya a kowane wuri ta nemi izini: y na amincewa, n na ƙi. Da haka jimlolin da ke magana kan shekarun da suka gabaci 1996 za su tsira. In kuskure ya auku, harafin u zai warware shi.

Saboda haka, ɗalibai su riƙa karanta aikinsu kafin su adana shi da :w. Sannu ba ta hana zuwa.