Yadda Ake Tsara Lambun Furanni a Gida: A Fara Duba Rana da Ruwa Kafin Sayen Dashe

Mutane da dama kan sayi furanni a hannun masu sayar da dashe a bakin titi saboda kyansu ya burge su, amma kafin bazara ta wuce sai su tarar duk sun bushe. Galibi ba a duba ko wurin da aka dasa su ya dace da su ba.

Matakin farko shi ne mai gida ya lura da inda rana ke sauka a tsakar gidansa. Yawancin furanni masu launi na buƙatar hasken rana na kimanin sa'o'i 6 a kullum. Daga nan sai ya auna ruwan da zai iya samarwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta, rijiyoyi kuma suke ja baya. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, ta laka kuwa tana riƙe shi har saiwa ta ruɓe. Takin dabbobi da ya riga ya ruɓe sosai yana gyara dukansu biyu.

A yankunan Kano da Sakkwato da Maiduguri, furannin da ke jure fari su suka fi dacewa. Bugenbiliya tana hawa katanga, kuma ta fi yin fure idan ba a cika mata ruwa ba. Lalle yana zama shinge, ga furensa mai ƙamshi. Kariya tana ajiye ruwa a kututturenta, tana kuma fidda fure mai ja-ja-ja da rani, sai dai ruwan jikinta guba ne, don haka a nisanta ta daga yara da dabbobi.

A Jos da tsaunin Mambila, inda ake da sanyi, furen wardi yana bunƙasa fiye da sauran wurare. A Legas da Fatakwal kuwa, inda ruwan sama ke da yawa, abin lura shi ne magudanar ruwa, domin kada ya kwanta a gindin shuka.

Lokaci mafi kyau na dashe shi ne farkon damina, yadda saiwa za ta kama ƙasa kafin iskar hunturu ta iso. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a kuma rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don rage bushewa.

Mai zaman haya na iya shuka a tukwane ko tsofaffin bokitai, muddin an huda ƙasansu. A riƙa zubar da ruwan da ya taru a ƙarƙashinsu, domin a nan sauro ke hayayyafa. Haka kuma, wanda ke unguwar da awaki ke yawo ya fara kafa shinge tukuna. Ya fi kyau a soma da iri 2 ko 3, idan sun tsallake rani guda lafiya sai a ƙara.