A ƙidaya haƙora kafin a sauya pon

Kai mai karatu, ka san motocin da ke tashi daga Tawa zuwa Barmu, Afala da Kawo. Suna ɗaukar mutane, buhunan hatsi da awaki. Idan aka bar kwalta, sai rairayi, dutsi da kwazazzabo. Gaban mota shi ke shan wahala.

Gaban mota iri biyu ne. Na farko, ƙarfe guda ne dogo mai haɗa ƙafafun gaba biyu. Makanikai suna ce mishi pon. Yana kwance bisa lam, ba shi da tarkace da yawa. Na biyu, kowace ƙafa da nata hannu, tana motsi ita kaɗai. Wanga ya fi daɗin zama bisa kwalta, amma a daji robobinshi da gaɓoɓinshi suna saurin ci.

Hilux mai jan ƙafa huɗu ta fito a 1979 da pon guda. Daga 1997 kamfanin Toyota ya bar yin ta da shi. Shi ya sa wasu direbobi ke neman pon na tsohuwar mota, su sa a tasu.

Ƙanena ya yi haka. Ya sayi pon a wurin masu tsofaffin kayan mota. Aka yanke, aka yi walda, aka ɗaura lam. Mota ta tashi sama, gwanin kyau. A cikin gari lafiya lau take tahiya, don ƙafafun baya kaɗai ke ja.

Ranar Lahadi da aka tashi kasuwar Tawa, ya cika mota ya yi arewa. Da ya shiga rairayi, sai ya sa jan ƙafa huɗu. Ya hau tsandauri bai cire ba. Mota ta riƙa kuka, sitiyari ya yi tauri. Can sai ƙara, wani ƙarfe ya karye a ƙasa. Mutane suka kwana a daji, har da mai jego. Kuɗin gyara na biyu ya kusa kai na farko.

To, mi ya kawo haka? Cikin pon akwai faifai biyu masu haƙora, babba da ƙarami. Ƙaramin ne ke juya babban. Pon na baya, babban faifai haƙora 41, ƙarami 9. Pon da aka sa gaba, babba 41, ƙarami 10. Haƙori guda ne bambanci! Amma saboda shi ƙafafun gaba sun fi na baya sauri. Gaba na ja, baya na riƙewa, kamar shanun huɗa biyu da tahiyarsu ba ɗaya ba. Cikin rairayi taya na zamewa, abin ba ya nunawa. Bisa ƙasa mai tauri babu zamewa, dole ƙarfe ya sha.

Ba sai an kwance pon za a sani ba. A ɗaga ƙafafu biyu da jak. A yi alama da alli a taya, a yi wata a kardan, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi. Mutum biyu su juya tayoyin tare, zagaye guda. Kai kuma ka ƙidaya juyin kardan. Idan gaba ya ba da 4 da ɗan kaɗan, baya ya ba da 4 da rabi, kada ka biya. Ka rubuta lambar a takarda, ka tahi da ita kasuwa. Allin ajinmu ma ya isa wanga aiki.

Sauran abin dubawa: tiyon birki, don idan mota ta ƙara tsawo tsohon yana yin gajarta, ya tsinke a gargada. Notocin lam kuma a sake ɗaure su bayan tahiyar farko, suna saki.

Akwai kuma maganar lodi. Mota mai tsawo ta fi saurin kifewa a kwana. Ni dai ban yarda da direban da ke cewa sabon pon ya ba shi damar ƙara buhu biyar ba. Lam da birki ba su ƙaru ba. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, tabarmi da ƙorai a bisa.